Kawu, Me Ta Gani?

Don girman Allah, duk wanda ya karanta wannan ya gane ni, kada ya faɗi sunana. Ko da wasa. Ko a kunnen matarsa. In Kawu ya ji na shiga uku, kuma ba ni kaɗai ba, har da abin da ke ƙarƙashin katifata. A wayar Mama nake rubutawa, ta hau sama shanya. In kun ga kuskure ku yi haƙuri, a aji huɗu na tsaya.

Na ga wata ta yi tambaya a wannan dandalin, wai tsohon allon karatu na lantarki, irin mai arahar nan marar kala da ake zuba littattafai a ciki, har yanzu yana da amfani a saya? Mutane sai amsa suke ba ta da manyan kalmomi. Ni ban iya manyan kalmomi ba. Abin da ya faru a gidanmu kawai na sani.

Kawu ƙanen Mama ne. Mai aski ne, shagonsa yana ƙasan benen da muke haya, ni ce mai share gashi da wanke tawul. A layinmu ba mai kiran sa da sunansa, Nasanshi ake ce masa, don ba abin da za ka ambata a duniya bai ce "Ai na san shi" ba. Jirgin sama, ya san shi. Ciwon ƙoda, ya san shi. Ranar da fankar shago ta tsaya ya ce ya san ta, ya kwance ta ya mayar. Har yau in an kunna sama take hura iskar, silin ne ke jin daɗi, mu muna gumi.

To sai wani saurayi ya buɗe shagon aski a tsallaken titi, daidai saitin namu, ya kafa talbijin ƙato kamar ƙofa. Masu zuwa wurin Kawu suka fara zamewa ɗaya bayan ɗaya. Mutum zai taho, ya gaishe da Kawu, ya ce yana zuwa, sai ka hango ƙeyarsa a can.

Kawu ya ce, "Kallo? Kallo ai na yara ne. Ni ilimi zan ba mutane."

Ya tafi kasuwar tsofaffin kaya, ya dawo da wani abu a naɗe cikin tawul kamar jariri. Ya tara mu, ni da Mama da Tela, wanda shagonsa ke jikin namu. Tela in ya buɗe baki almakashinsa ma hutawa yake yi. Kawu ya warware tawul. Wani allo ne toka-toka, bai kai tafin hannu biyu ba, kusurwa ɗaya a ɗan fashe.

Tela ya ce, "Waya ce?"

"Ya fi waya."

"Ana kira da shi?"

"Ba a kira."

"Hoto fa?"

"Ba ya ɗauka."

"Ƙwallo?"

"Ba ya nunawa."

"To da me ya fi wayar?"

Kawu ya ce, "Da natsuwa. Littattafan da ke cikin nan, Tela, in aka sauke su a shagonka, kai da kekenka a titi za ku kwana."

Mama ta ce, "Kai da ko takardar magani ni kake kawo wa in karanta maka?"

"Yaya, wannan rubutun likita ne. Ba a lissafa shi."

A ranar ya kwashe duk tsofaffin mujallun da ke kan benci ya ba mai tara shara. Ba wanda ya sani, amma da mujallun nan nake koyon karatu in shago ya yi shiru. Na san su har da inda shayi ya zube. Ina kallo aka tafi da su, na ci gaba da shara kamar ba komai.

Matsala ta farko, allon ya ƙi motsi. Kawu ya goga yatsa a kai kamar waya, shiru. Ya sa wa yatsan yawu, shiru. Ya ce, "Bai saba da hannuna ba tukuna." Akwai wani direba mai ƙaton gashin baki da yake ji da shi, shi kaɗai ne bai taɓa tsallaka titi ba, lokacin yana kan kujera an ɗaura masa tawul. Ni kuma ina goge kanta, gwiwar hannuna ta danne wani ɗan maɓalli a gefen allon. Fuskar ta yi baƙi wuluk, ta yi fari, sai ga sabon shafi.

Direba ya zabura da tawul a wuya. "Ya ƙone!"

Kawu ma ya ja baya, amma nan take ya gyara murya. "Ƙiftawa ya yi. Kai ba ka ƙifta ido? Maɓallin ma na san shi, gwada ku nake yi." Ya juyo kaina. "Ke kuma kada in sake ganin hannun tsintsiyar nan a kansa."

Na ce to, Kawu.

Amma kullum da rana yakan shiga bayan labule ya yi barci, minsharinsa har Tela yana ɗinki da shi. Nan nake ɗauka. Yawancin littattafan da wasu harsuna ne da ban sani ba, kaɗan ne da namu. Ɗaya labarin wata mata ce mai tuƙa jirgin ruwa, ƙanenta ya ɓata a teku, kowa ya ce ta haƙura, ta ƙi. Ina bi da yatsa, bakina yana motsi, wata kalmar sai na maimaita ta har ta yarda. Tunda nake ban taɓa karanta abin da ya wuce shafi ɗaya ba. Ina wanke tawul ina tunanin matar nan. Ina cin abinci ina tunaninta. Ba abin da nake so a duniya kamar in san ko ta same shi.

Shi kuwa Kawu ya sa an rubuta masa sabon allo a ƙofa, ASKI DA ILIMI. Mutane suka fara leƙowa don ganin abin mamaki. Sai ga matsala ta biyu, benci cike, allo ɗaya. Wannan ya ce shi ya riga zuwa, wancan ya ce bai gama shafinsa ba. Kawu ya ce kada a sace, ya liƙa masa sarƙa da gam, ya ɗaure a katakon da muke jera kaya. Shi allon nan ba shi da hasken kansa, kamar takarda yake, sai ka kai shi inda haske yake. Wani dattijo ya ja shi zuwa bakin ƙofa don ya gani. Katako ya biyo shi. Hoda, mataji, kwalaben turare, madubin hannu, duk suka sauko a kan benci. Mutane suka fito titi fari fat suna atishawa.

Tela ya leƙo ya ce, "Nasanshi, ilimin ne ya sauko haka?"

Bayan nan Kawu ya gano inda ake ƙara girman rubutu. Ya ƙara, ya ƙara, ya ƙara, har shafi ɗaya bai wuce kalma biyar ko shida ba, kowane harafi kamar kofi. Sai danna maɓalli yake yi, allo yana ƙiftawa.

"Tela! Yau tun safe na karanta shafi ɗari uku."

"Madalla. Me aka ce a ciki?"

"Abubuwa."

"Kamar me?"

"Ba za ka gane ba. Sai wanda ya fara daga farko."

Abin ya shiga kansa har ya fara aski da hannu ɗaya, allo a ɗayan. Ranar nan Direba ya ce a ɗan daidaita masa gashin baki. Kawu yana karanta wata doguwar kalma, injin ya wuce abinsa. Rabin gashin bakin ya faɗo a kan tawul kamar mataccen ɓera.

Kawu ya ce, "Sabon yayi ne. A littafi na gani."

Direba ya daɗe yana kallon madubi. Ya cire tawul, ya ninke, ya ajiye, ya rufe bakinsa da hannu, ya tsallaka titi. Ni na share rabin.

Yanzu ga maganar caja, ku saurara da kyau, don duk abin a nan yake. Mai sayarwa ya gaya wa Kawu cewa batirin yana daɗewa, yana yin makonni. A bakin Kawu ya zama wata guda. Da ya gaya wa Tela ya zama shekara. Kafin a yi nisa ya zama wai abin ba ya cin wuta sam.

Mama ta ce, "To igiyar da aka haɗo ka da ita fa?"

"Kyauta ce, Yaya." Don ya nuna mata da gaske yake, ya ɗauki cajar ya ɗaure labulen shago da ita.

Ni kuwa ina ganin wani ɗan hoton batir a saman allon, kullum yana ramewa kamar sabulu. Na yi ta maza na ce, "Kawu, wannan ɗan hoton na sama..."

"Ado ne. Wa ya ce ki duba?"

In na ƙara magana zai ce ta yaya na sani. In na kwance cajar, labule zai faɗi ya tashe shi daga barci. Sai na ƙara sauri a karatun, amma saurina ba sauri ba ne.

Ana nan Kawu ya sanar da babban taro. Wai zai karanta wa duk layin littafi a bainar jama'a, kuma ya zaɓi daidai lokacin babban wasan ƙwallo, don ya nuna wa Mai Talbijin iyakarsa. Ya aro kujerun roba, ya aro lasifika mai batir, ya sa Tela ya ɗinka masa sabuwar riga mai aljihu daidai allon.

Tela ya ce, "Ko kyanwa ba za ta zo ba."

A ranar, da rana, na samu na ɗan karanta. Matar ta tarar da wani jirgi yana yawo shi kaɗai a tsakiyar teku, ba kowa a sama. Ta sauka ƙasa, ta ga ƙofa a kulle, ta ji kamar motsi a ciki, ta samo makulli. Nan Kawu ya yi tari a bayan labule, na ajiye da sauri na ɗauki tsintsiya.

Yamma ta yi. Kujeru a jere, ba kowa sai Mama da Tela da wasu yara da aka kora daga wurin kallo. Can tsallake kuwa ba wurin sa ƙafa. Kawu yana ta "Gwaji, gwaji" a lasifika, gumi yana bin sabuwar riga.

Sai aka ɗauke wuta.

Wallahi ban taɓa ganin sa'a irin wannan ba. Talbijin ya mutu ana tsakiyar wasa. Mutane suka fito suna tsaki, ba abin yi, suka ga kujeru, suka tsallako. Har Direba, da sabon ɗan gashin bakinsa da bai gama fitowa ba. Har Mai Talbijin kansa ya zo ya tsaya a baya, hannu a aljihu.

Kawu ya kumbura, rigar ta kusa yagewa. Ya ɗaga allon sama. "Jama'a, kun gani da idonku! Nasa ya mutu! Nawa ba ya cin wuta, ba ya jiran wuta, bai ma san wuta ba!"

Aka yi tafi. Har Tela ya ɗan tafa.

Ya buɗe. Shi allon nan inda aka tsaya yake buɗewa, don haka a kan shafina ya buɗe. Na ce yau asirina ya tonu. Amma ina, Kawu bai san farko ba balle tsakiya. Ya ƙara girman rubutu yadda ya saba, ya gyara murya.

"Ta... sa... makulli."

Ya danna. Allo ya ƙifta.

"Hannunta... yana... rawa."

Ya danna. Kowa ya kasa kunne, har yaran. Ni na manta ma ina riƙe da tsintsiya.

"Ta tura ƙofar... sai... ta... ga..."

Ya danna.

Shiru.

Ya sake dannawa. Allo bai ƙifta ba. Ya yi murmushi, ya sake karantawa da ƙarfi, kamar da gangan ne. "Ta tura ƙofar, sai ta ga!"

Wata mata a gaba ta ce, "Ta ga me?"

"Haƙuri, Hajiya. Marubucin yana ja mana rai ne." Ya danna da babban yatsa har ya yi fari. "Ta tura ƙofar..."

Yara suka amsa baki ɗaya, "Sai ta ga!"

Ni na san abin da ya faru, sabulun nan ne ya ƙare. Amma abin mamakin allon nan, ko ya mutu rubutun ba ya gogewa, yana nan zaune a fuskarsa kamar an buga a takarda. Shi ya sa Kawu bai yarda ba.

Mai Talbijin ya ce daga baya, cikin ladabi, "Baba, ko batir ne?"

"Yaro, je ka jira wutarka. Abin da ya mutu yana rubutu ne? Ga rubutu nan!" Ya juya allon ga jama'a. Haruffan nan manya-manya, har na layin baya sun karanta.

Direba ya ce, "Mun ga wannan. Na gaba muke so."

Kawu ya juyo da allon, ya kai shi kusa da hanci, ya yi kamar yana karantawa. "Sai ta ga... zaki."

Tela ya ce, "A cikin jirgi?"

"Zakin ruwa ne."

"Wa ya kulle shi?"

"Mai shi."

"Me yake ci a ciki?"

"Tela, kai ka rubuta littafin?"

Hajiyar nan ta ce, "Nuna mana inda aka rubuta zaki."

"Au, ba zaki ba ne, ban duba da kyau ba. Mota ce."

Wuri ya ɓarke da gardama. Wani ya ce mota ta shiga ta wace ƙofa, wani ya ce a tambayi Direba, Direba ya ce shi ba ruwansa, mutumin da ya ga sabon yayi a littafi zai iya ganin komai. Kawu ya girgiza allon. Ya hura masa iska. Ya shafa masa turaren aski. Ya buga shi a cinya. Ya shanya shi a 'yar ranar da ta rage yana cewa ɗan sanyi ne ya kama shi. Can ya ce, "Na san shi! Sabis ne ya yi ƙasa," ya hau kujerar roba ya miƙa hannu sama.

Mama ta ce, "Sauko, kujerar aro ce."

Ƙafafun kujerar suka buɗe a hankali, kamar akuya a kan siminti mai santsi. Kawu ya kai hannu ya cafki labule. Labule ya biyo shi, da sandarsa, da cajar, da komai. Ya faɗi da lasifikar a bakinsa, kuma abin da ya faɗa a lokacin ba zan rubuta ba, amma har masu shago a ƙarshen layi sun ji.

Daidai nan aka kawo wuta. Talbijin ya farka da ihun an ci ƙwallo. Kafin Kawu ya fito daga cikin labule, ba kowa sai kujeru a kife.

Ya miƙe, ya kalli allon. Har yanzu "sai ta ga". Ya wurga shi cikin kwandon gashi. Ya ce, "Duk wanda ya sake ambatar abin nan a gabana, ba ni ba shi."

To, wa ke zubar da kwandon gashi?

Na ciro shi, na kakkaɓe, na sa a cikin riga. Cajar tana ƙasa cikin labule, na naɗe ta ita ma. Na hau sama na jona a bayan kwabar Mama. Shiru. Na zauna ina kallo, shiru. Na ce shi ke nan, bugun cinyar ne ya kashe shi, ba zan taɓa sani ba. Na yi kuka, ba zan ɓoye ba. Ina share hanci da gefen zane sai fuskar ta yi baƙi wuluk, ta yi fari.

Na rage girman rubutun. Na danna.

Yanzu Kawu yana gaya wa mutane wai ya mayar wa kamfanin, har sun kira shi sun ba shi haƙuri. Amma layinmu bai manta ba. In ya fito, yara sai su ce, "Kawu, me ta gani?" Masu babur in sun wuce sai su yi hon su tambaya. Abin haushi ma, wasu da gaske suke. Jiya Hajiyar nan ta kawo jikanta aski don kawai ta sake tambaya. Tela ya ce shi dai abin yana hana shi cin abinci. Har Mama, muna wanke-wanke, ta ce, "Ni fa matar nan tana raina. Ko ta samu abin da take nema?" Na cije leɓe har ya yi jini. Duk layin nan ni kaɗai na sani, ni mai tsintsiya, kuma ba halin in faɗa. In Kawu ya ji yana aiki zai ce ai ya sani, ya ƙwace, ya sake aro kujeru.

Don haka, 'yar'uwa mai tambaya, ga amsata. Yana da nauyin jiki, kafin ya juya shafi sai ya yi tunani. Ba shi da haske, sai kin zauna kusa da taga. Ba kala, ba ƙwallo, ba komai. Amma ya sha gam, ya sha hoda, ya sha turare, ya sha duka, ya kwanta cikin gashin mutane, kuma yana nan. Na gama littafin, har shafin ƙarshe, na farko a rayuwata, na fara na biyu. Ki saya. Ki tabbata an ba ki caja. Kuma in kina da kawu, kada ki nuna masa.

Ku kuma tunda kun yi alkawarin rufa mini asiri, bari in gaya muku, don in ban gaya wa wani ba zan fashe. Ba zaki ba ne. Ba mota ba ce. Da ta tura ƙofar, a can lungu, kusa da wata tukunyar ruwa, akwai

Tsaya. Wani yana hawowa bene. Ba Mama ba ce, wannan takun silifas ɗin na san shi. Wayyo, Kawu ne, yana kirana, wai wa ya ga igiyar da yake ɗaure labule da ita, kuma tana nan a jone a bayan kwaba, don Allah kada ku fa